Godiya ta musamman ga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan godiya a fili kowa ya gani, saboda mu dai mun iya ƙorafi in an ɓata mana amma in an kyauta mana sai mu yi gum. To yau Hajiya incaji da nas-nas ɗinki da ungozoma da Baba mai gadi har da masu shara, ku nake yi wa.

Duk wadda ta taɓa zuwa ranar rigakafi ta san yadda wurin nan yake, mata tun bayan asuba sun kama layi, benci ya cika wasu a ƙasa kan zani, yara na ta tsala ihu ga zafin Kano ga babu wuta, in ba don sola ba ma ban san yadda firjin allurai zai yi ba. A haka fa za ki shiga ki tarar da Sista tana dariya tana cewa maman wane ina kwana, ya mai jiki, har sunan yaro take riƙewa wallahi.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta, wata baiwar Allah ce ta zo da kati duk ruwa ya jiƙa shi rubutun ya goge, tana ta rawar jiki don ta ɗauka za a yi mata tsawa a gaban mutane. Sista ba ta ce mata komai ba, ta jawo wannan ƙaton rajistan ta dinga buɗawa shafi shafi tana bi da yatsa har ta gano sunan jaririyar, ta sake mata sabon kati, da ta lura matar ba ta karatun boko sai ta ƙirga mata da yatsu, ta ce Talata huɗu za ki ƙirga ki dawo. Matar nan da murmushi ta fita. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Kuma kar a ɗauka ƙaramin abu ne. Allurar penta, wadda ke kare jariri daga cututtuka biyar, sau uku ake yi, sati 6 da sati 10 da sati 14, sannan a dawo ta ƙyanda a wata 9, to uwar da aka daka wa tsawa a zuwan farko kina ganin za ta dawo? Ba za ta dawo ba, kuma za ta hana maƙociyarta. Mun ga abin da mashaƙo ya yi mana a Kano a 2023, yara nawa aka rasa, alhali rigakafinsa yana cikin wannan penta ɗin da ake yi kyauta.

Na taɓa tsokanar Sista na ce anya ke kina fushi kuwa, ta yi dariya ta ce ita ma tana da nata damuwar, kuɗin mota ya ninka, albashi ba ya kai ƙarshen wata, amma tunda ko ta haɗe rai ko ta saki dole sai ta kai azahar a kujerar nan kuma ɗaure fuskar ba zai ƙara mata ko sisi ba, gara ta ɗaura niyya tun daga gida ta samu lada. Ni kaina ina koyarwa a islamiyya, wannan maganar ta zauna min sosai.

Baba mai gadi kai ma na gode, kai kake tare mana mai adaidaita kana riƙe mana jaka in mun goya yaro.

Masu hali na unguwa dan Allah a taimaka musu da rumfa da ƙarin benci kafin damina ta sauka. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a, ya ƙara girma.

Taku,
wata uwa daga cikin masu zuwa layin Talata