Rahoton Ayyukan Shekara: Binciken da Kwamiti Ya Yi Kan Miƙa Aikin Lafiya ga Mutanen Gari

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa, maza da mata, masu aiki da waɗanda suka ajiye aiki.

A babban taron bara a nan Damagaram kun ɗora wa kwamiti nauyi guda, wato ya binciko ko ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya za ta goyi bayan tsarin ƙara wa wakilan lafiya na ƙauyuka aiki, har su riƙa gwajin zazzaɓin cizon sauro, su ba da maganin gudawa da na ciwon haƙarƙari kafin a kai yaro likita. Gardama ta yi zafi ran nan, har wani dattijonmu majo ya ce sai ya ga hujja da idonsa. Kusan duk shekarar a kan neman hujjar nan ta ƙare.

Mun fara da karatu. Miƙa aiki ga wanda bai yi dogon karatun likita ba, ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara zamanin Shugaba Tandja Mamadou, a 2006 kuma aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mace-macen yaran nan ya sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai a shekarun nan ne kuma aka baza gidajen sauro, aka ƙarfafa rabon bitamin A da jinyar tamowa. Hannu da yawa ne ya ɗauki jinkar, don haka kwamiti bai yarda a jingina nasarar ga tsari guda ba.

Hujjar da ta fi gamsar da mu a ƙofar gidanmu aka samo ta. Tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN sun gwada hanya biyu ta gano yara masu tamowa a yankin Mirriya. A Dogo an koya wa uwaye awon damtsen ƴaƴansu da zaren awo mai launi uku, a Takeita kuma aka bar awon a hannun wakilan lafiya. Yaran Dogo sun riƙa isowa tamowa ba ta ci jikinsu sosai ba, waɗanda aka kwantar a asibiti ba su kai na Takeita yawa ba, kuɗin da aka kashe ma bai kai na Takeita ba. Abin da ya ba gwajin daraja shi ne akwai abin kwatantawa, kuma an bi yaran an ga yadda suka ƙare. Yanki biyu ne kawai, mun sani, amma ya fi rahoton da zai ce "an horar da mutum kaza" ya yi shiru.

Da damina muka fita ƙauyuka. A wani gari wata uwa ta buɗe kwalla ta zaro zarenta, ta naɗa a hannun goyonta, ta ce kore ne, wato awon bai nuna tamowa ba, sannan ta danna bayan ƙafafunsa da manyan yatsu don duba kumburi, ba wanda ya tuna mata. A garin gaba wakilin lafiya ya buɗe mana akwatinsa a gindin bedi. Rajista cike, rubutu tsaf, agogon ƙirga numfashi na aiki, amma amoksisilin, maganin ciwon haƙarƙari, ya ƙare tun kafin shuka, kuma ya manta rabon da wani ya zo duba aikinsa. Ɗan alawus ɗinsa ma ya yi wata da watanni bai zo ba, shi ya sa rabin yininsa a gona yake. Wanda ya karanta rajistar nan daga ofis zai rantse komai lafiya lau. (Mu ma muna da laifi, don da muna aiki sau nawa muka sa hannu a rahoton wata ba mu buɗe akwati ba?)

Matsayar kwamiti ke nan. Awon uwaye muna goyon bayansa ba tare da sharaɗi ba. Ba wakilai magani kuma muna goyon baya ne inda magani ba ya yankewa, ana zuwa duba aiki, ana biyansu haƙƙinsu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2018. Mun rubuta wa hukumomin lafiya na jaha haka.

Sauran ayyuka kaɗan ne. Mun taya rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, mun yi ta'aziyyar membobin da suka riga mu, Allah Ya jiƙansu. Horon ungozomai bai yiwu ba saboda asusu ya yi ƙasa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro mai zuwa, domin da kuɗin ne za mu sa wa babura mai mu koma garuruwan nan da rani.