Wasiƙa zuwa ga ɗana a Mai Wurno

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Mu nan Gadarif sai godiya, ana ta fama da aikin riɗi. Mahaifiyarka ce ta matsa in rubuto, don ta ce a waya ba ka ba ni komai sai "to" da "na'am".

Gwaggonka ta kira ni ranar Juma'a. Kada ka riƙe ta a zuciya, ni na ce ta sa maka ido. Ta ce wai kana cewa darasin kimiyya hadda ce kawai, aikin gidan da ustaz yake ba ku kuma daga waya kake kwafo amsarsa. Ta kuma ce kai da yaran maƙwabta kuna sauka tur'ar gonaki, magudanar ban ruwan nan, in an tashi makaranta, har ɗayansu yana fitsarin jini kuna yi masa kirari wai ya zama namiji. Tun daren nan barcina bai daidaita ba.

Bari in fara da mai sauƙin. Yaƙin da ya tashi a nan Sudan a Afrilun 2023 ya cinye maka lokaci mai yawa ba ka ga allo ba, don haka na san ajin farko na mutawassiɗa, wato makarantar gaba da firamare, ya zo maka da nauyi. A nan ake aza tushe: ƙwayoyin da jikin kowane mai rai ya ginu da su, yadda ruwa kan koma ƙanƙara ko tururi, ƙarfi da motsi, zafi, haske, lantarki. Sunayen dole a haddace su. Amma abin da ustaz yake so ya zauna a kanka shi ne ka duba abu da kyau, ka tambayi dalilinsa, ka yi zato, sannan ka gwada zaton naka ka ga ko zai tsaya.

Ga randar Inna nan a gindin bishiya. Me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi, alhali duk daga wuri ɗaya aka ɗebo? Ka aro ma'aunin zafi a makaranta. Ka zuba ruwa daidai wa daida a randa da jarka, ka ajiye su a inuwa ɗaya, ka auna da hantsi, ka auna da la'asar, ka rubuta. Ka sake gobe da jibi, don awo ɗaya ba ya zama hujja. Sai ka naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhu ka sake aunawa. Abu ɗaya tak za ka canza kowane karo. In ka canza biyu ba za ka san wanne ya yi aikin ba. Na san amsar, ba zan faɗa maka ba. Ka dai shafa jikin randar ka ji damshinta.

Yanzu maganar da ta hana ni barci. Jinin nan tsargiya ce, ba girma ba ne. Shekarun da na yi ina wanke gilasai a ɗakin gwaji a Jazira na ga ƙwanta da idona a madubin likita, ɗan ƙwai mai ƙaya a gindi, wanda ido ba ya iya gani. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige jikin dodon koɗi ya hayayyafa, ya fito yana iyo yana neman mutum. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata yake shiga, kana tsaye kana wasa, abin da za ka ji bai wuce ƙaiƙayi ba. Ya girma a jijiyoyin jini ya yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru, yana raunata mafitsara, yana iya kai wa ga ƙoda, wani irinsa kuma hanta yake lalatawa. Ruwan tur'a mai tafiya a hankali, mai ciyawa a gefe, shi dodon koɗin ya fi so. Madatsar Sinnar da ke kusa da ku, tun 1925 take shayar da gonakin Jazira, ta ciyar da mu, amma magudanan nan sun zama gidan wannan cuta.

Mutane sun daɗe suna ganin jinin suna ba shi fassara. Sai a 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira. Aka ƙara fiye da shekara sittin kafin Robert Leiper ya tabbatar a Masar, a 1915, cewa ta dodon koɗi take bi. Da dubawa da gwaji suka kai ga wannan. Kai kuma, mai littafin kimiyya a jaka, yara suka faɗa maka magana ka haɗiye ba ka tambayi kowa hujja ba, har kana tafi. Ina amfanin karatun? Ka manta yadda Baffanka ya ƙare? Kana da wayo lokacin, ka ga cikinsa, ka ga halin da Inna ta shiga. Wallahi in na sake jin ƙafarka ta taɓa ruwan nan, da kaina zan zo in ɗauko ka, ka dawo ka yi dakon buhu tare da ni.

Na san kana ganin na tura ka can ne saboda abin da ya faru kafin azumi. Ba haka ba ne. Inna tana bukatar mai yi mata aike, makarantarku kuma ta buɗe, ni ba ni da halin biyan ta kuɗi a nan. Na auna abin ta ko'ina kafin na yanke, har yau kuma ina ganin daidai na yi. Zafin gari na san shi, ni ma a bakin kogin nan na tashi. In zafi ya dame ka, ka yi wanka da ruwan da aka ɗebo ya kwana biyu a mazubi, abin ba ya rayuwa haka in bai sami jiki ba.

Na tura wa gwaggonka kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ranar Asabar ku je asibiti a gwada fitsarinka, da tsakar rana, lokacin ƙwan ya fi fita. Ku tafi da yaron nan in iyayensa sun yarda, Inna ta yi musu magana da lalama. Akwai magani, praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum, sai dai ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan. Ka roƙi mai gwajin cikin ladabi ya bar ka ka leƙa madubin ko da sau ɗaya.

Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya tsare min kai. Ka turo min sakamakon asibiti, da hoton shafin da ka rubuta awon randa, da rubutun hannunka. Ka gaishe da Inna, ka ce maganin ƙafarta na zuwa da motar Laraba.

Mahaifinka.