A Riƙa Gaya Wa Masu Karɓar Dashe Inda Za Su Haƙa Rami

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka kan dashen itatuwan da ake rabawa duk damina a nan Daura. Ana miƙa wa mutum darbejiya ko mangwaro a leda, ba mai ce masa ga inda ya dace ya dasa. Yawancinmu sai mu manna shi jikin katanga don gudun awaki. Kafin wasu shekaru itacen ya karkace, ya kwanto kan hanya ko kan wayar wuta, maigida ya kira mai gatari. A layinmu an yi asarar itatuwa da dama ta haka, kuma abin yana ci mini rai.

Ba laifin iri ba ne, tsiro haske yake bi. Tun 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka gwada wannan a Ingila. Da suka sa wa kan ɗan tsiron ciyawa hula, sai ya daina karkata wajen haske. Da suka rufe ƙasansa suka bar kan a buɗe, sai ya karkata. Ashe kan ne ke jin hasken. Daga baya masana suka gano wani sinadari, oksin, da ke taruwa a gefen da inuwa take, ya sa gefen nan ya fi ɗan'uwansa saurin tsawo, dole karan ya lanƙwasa. To katanga ta tare gefe guda, ina itace zai nufa in ba titi ba?

Manomanmu sun san wannan ko ba su san sunansa ba. Geron da aka bari cunkushe ba a rage shi ba, kowane tsiro neman zarce maƙwabcinsa yake, ya fito siriri, iska kaɗan ta kwantar da shi. Haka renon tumatir a inuwa: dogon wuya, ba ƙwari, ana dasawa ya langaɓe. Gawo kuwa, da yake kakkaɓe ganyensa da damina, hatsin da ke ƙarƙashinsa ba ya rasa rana.

Roƙona ga masu rabon nan da malaman gona, su riƙa haɗa kowace leda da bayani: a ja da ramin taku huɗu ko biyar daga bango, inda rana za ta same shi ta kowane gefe, awaki kuma a kare su da shingen ƙaya. Masu unguwanni ma su faɗa a ƙofar masallaci kafin ruwa ya zauna.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Daura.