Godiya ta musamman ga Cocin St. Bartholomew, Wusasa

Zuwa ga Rabaran da dattawan coci, da iyayenmu mata 'yan zumunta, da ma'aikatan asibitin St. Luke, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a.

Ni dai Musulmi ne, Bazazzagi, maƙwabcinku, na ce bari in fito fili in yi godiyar nan kowa ya gani tunda an ce yaba kyauta tukwici. Kwanakin baya jikin Hajiyarmu ya tashi cikin dare muka kwaso ta sai Wusasa, wallahi tun daga bakin get har gado ba wanda ya tambaye mu addininmu, nas ɗin da ke kan aiki Mama kawai take ce mata, ta sa mata ruwa ta zauna tana mata fifita da kwali saboda an ɗauke wuta, da asuba ma wani maigadi ne ya miƙo min buta ya nuna min inda zan yi sallah ban ko tambaya ba. Hajiya ta warware Alhamdulillah, kullum sai ta sa muku albarka.

Kuma fa abin ba yau aka fara ba. Tun zamanin Likita Mila da 'yan mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Angalikan, da suka bar cikin birnin Zariya suka dawo nan gindin dutse aka gina cocin a 1929, makaranta da asibiti suke tafe tare da shi. Yaran yanzu da yawa ba su san Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi ba, a makarantar St. Bartholomew ya yi firamare, haka Farfesa Ishaya Audu wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, ga Dokta Barau Dikko likitan farko a Arewa, wanda babban asibitin nan na Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ma rainon mishan ɗin nan ne. Ƙaramar unguwa amma dubi mutanen da ta fitar.

Sai ginin kansa, kai! Ginin ƙasa ne irin namu na Hausa, bango mai kauri, rufi da bakan gizo kamar ka shiga soron wani basarake, ko da rana tsaka ciki da sanyi. Mu a cikin gari mun rushe irinsu da yawa mun kafa bulo da kwano, ku kuma kun riƙe naku kuna ta yaɓe shekara da shekaru, wannan ma abin a gode muku ne.

Roƙona ɗaya, don Allah a ci gaba da tausaya wa talaka wajen kuɗin magani, kun san yadda gari yake yanzu. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci, a gaida nas ɗin nan tamu da baba maigadi.

Naku,
wani maƙwabci daga Zariya