Wasiƙa daga Jidda: ki kwantar da hankalinki, Inna, ana cin nama

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki da sanyin bana? A gaida Baba, a gaida Yaya da yaranta da duk mutanen gida. Ni lafiya lau, sai godiyar Allah, sai zafin Jidda mai gumi wanda ko da dare ba ya sakin mutum.

Auta ta gaya min kin ga hoton da na turo ranar Juma'a kin yi shiru, can kika ce wuyana ya yi tsawo, wai ko burodi da shayi kawai nake ci don in riƙa turo kuɗi. Maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuto, Auta ta karanta miki a tsanake. Ramar ta aiki ce da rana. Nama kam yana shiga tukunyarmu kusan kullum, sai dai da lissafi.

Mu 5 ne a ɗaki: ni, da Kanawa 2, da wani ɗan Damagaram, da wani dattijo Basakkwace da ya haura shekara 20 a ƙasar nan, muna ce masa Baba Alhaji. Kowa na zuba riyal 50 a mako a asusun cefane, girki kuma karɓa-karɓa. Baba Alhaji kan ce riyal bai motsa ba a gaban dala tun 1986, yana nan a 3.75, amma kasuwa ta motsa. Tun watan Yuli na 2020 harajin da ake ɗorawa kan sayayya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100, kuma talaka a bakin tukunya yake jin sa.

Raguna a nan suna da daraja hawa-hawa. Akwai Na'imi, da Najadi mai baƙin gashi da farin kai, da Harri, waɗannan na masu hali ne, mu sai dai kallo. Namu su ne waɗanda ake ƙetaro Bahar Maliya da su a jirgin ruwa: Sawakini daga Sudan, sunansa daga tashar Sawakin ya samo, da Barbari daga Berbera ta ƙasar Somaliya, ɗan ƙarami mai baƙin kai. Ni Sawakini na fi so, dogo ne, kitsensa kaɗan, ɗanɗanonsa ya fi kusa da na ragunan gida.

Abin da zai faranta miki rai, Inna, watanda muke yi. Mu da na ɗakin kusa da mu, mutum 10, duk bayan wata 2 mukan haɗa kuɗi mu tafi kasuwar dabbobi ta Khumra a kudancin gari. A nan ba a yanka a lungu ko ƙofar gida, tara ake cin mutum, sai a mayankar hukuma inda likita ke duba naman. In an kawo, Baba Alhaji ne ke kasawa kashi 10, tsoka da ƙashi da kitse daidai wa daida, sannan a sa ɗan Damagaram ya juya baya, a nuna kashi a ce na wa, ya ambaci suna. Har yau ba a taɓa jin kan kowa ba. Kai da ƙafa da kayan ciki ba ma barin ko ɗaya. A ranar ake farfesun tumbi da huhu da hanji, washegari a babbake kai da ƙafa a kwana ana dafawa. Kitsen kuma nakan soya shi ya zama kakide kamar yadda kike yi bayan Babbar Sallah, in zuba a kwalba. Cokali ɗaya a miyar da babu tsoka ko guda, sai ka rantse rago aka yanka.

Tsakanin watanda da watanda, kaza mai ƙanƙara ce rufin asirinmu, galibi daga Birazil ake kawo ta. Katan muke saye don ya fi sauƙi. Na koyi duba kwanan watan da ke jikin leda, in kuma na ga jini ya daskare a gindinta na san ta taɓa narkewa aka sake mayarwa, sai in bar musu abarsu. Ba zan ɓoye miki ba, ba ta kama ƙafar kazar gida. Tsokarta ruwa-ruwa ce, in ka sake ta a tukunya sai ta dagargaje ba ta ba da romon kirki ba. Dabarar ita ce a bar ta ta narke a firji tun dare, a wanke da lemon tsami, a murtsuke ta da citta, tafarnuwa, masoro da gishiri, a bar ta ta sha. Fatar nake fara sawa a wuta ta fitar da manta, da shi nake soya sauran, kin ga an huta da sayen mai. Kaza 1 yanka 10 nake mata, kowa 2. Wuya da baya da fiffike ba sa shiga wannan lissafin, su ake tafasawa da albasa, romon ya zama na dafa-dukar gobe.

Akwai kuma naman ɓauna na Indiya, shi ma daskararre, shi ya fi kowane jan nama araha. Tauri gare shi kamar igiya, ba kitse. Da farko gas muka yi ta ƙonawa a kansa, har muka sayi tukunyar nan mai huci da ake ɗaure murfinta, yanzu kafin a idar da Magariba a dawo ya yi laushi. Wani lokaci in daka shi da yaji in soya ya zama dambun nama, mu yi sati muna karyawa da shi da tamis, wato faffaɗan burodin tanda da ake ci da wake a nan. Miya kuwa, mulukhiyyar da Larabawa ke ji da ita ashe lalo ce, irin wadda ke fitowa a bayan gidanmu da damina. Ranar da na gane haka sai da na yi ƙwalla. Yanzu da ita muke cin tuwon shinkafa.

Wani abin da zai ba ki mamaki, tsirenmu ya yi suna a Makka da Jidda, siriye suke ce masa, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, Larabawa na layi a kansa. Kakannin Hausawan da suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna, su suka kawo shi. Ni sai ranar da aka biya albashi nake sayen kaɗan, in kawo ɗaki mu ci tare.

Duk wannan lissafin a wurinki na gani, Inna. Ina tuna yadda kike yanka naman da Baba ya riƙo a leda ƙanana-ƙanana har ya kai kan mu 9, ke kuma ki ce ƙashi kika fi so. Sai da na riƙe wuƙa da kaina ina ƙirga bakuna na gane ba son ƙashin kike yi ba. Don Allah, daga kuɗin da na turo wannan watan a cire na tsoka kilo 1 a dafa miki ke kaɗai, na gaya wa Yaya ta tsaya a kai.

In an samu mai zuwa Umra daga unguwa, a ba shi daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure daddawar a leda 3 saboda jirgi. Ana samunsu a nan wurin matan Hausawa, amma da tsada, kuma ba kamar taki ba. Sannan ki faɗa wa Auta ta rubuto min yadda kike haɗa yajin farfesunki, nawa kullum kanumfari ke yi masa yawa.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki,
daga Jidda