Zuwa ga Mamana, kan shari'ar Adnan Syed

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na karanta rubutun da kika turo mini, wanda kika shirya domin muhawarar da za ku yi a ajinku kan shari'ar Adnan Syed. Hannunki ya faɗa, Allah ya ƙara basira. Na ji daɗin ganin 'yata tana jin zafin wanda take ganin an zalunta, kuma ba na so wannan zafin ya huce. Sai dai akwai jimlar da ta tsaya mini a rai, inda kika ce duk mai hankali ya san Adnan bai kashe Hae Min Lee ba. Daga nan kika wuce kika ɗora kisan a kan abokinsa da ya ba da shaida, kika kuma kira ɗan'uwan marigayiyar mai hana ruwa gudu. A kan waɗannan nake so mu yi magana kafin ki tsaya gaban mutane.

Abin da ke hannunki mai ƙarfi ne, ba sai kin ƙara masa gishiri ba. Yarinyar nan 'yar shekara 18 ta ɓace ranar 13 ga Janairun 1999, bayan an tashi daga makarantar sakandare ta Woodlawn da ke yankin Baltimore a jihar Maryland ta Amurka. Ranar 9 ga Fabrairu aka tsinci gawarta a dajin shaƙatawa na Leakin, an shaƙe ta an binne. Aka kama tsohon saurayinta Adnan yana da shekara 17, a shekarar 2000 aka yanke masa ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 30. Babu wanda ya ga kisan da idonsa ya zo ya faɗa. Shari'ar ta tsaya ne a kan bakin mutum ɗaya, wato abokin nan na Adnan, da ya ce shi ya taya binne gawar, wanda labarinsa ya yi ta sauyawa tsakanin zama da zama a gaban 'yan sanda, kuma shi kansa bai yi zaman gidan yari ba bayan ya amsa nasa laifin. Abin da aka tokare maganarsa da shi shi ne bayanan turakun sadarwa, musamman kira biyu da suka shigo wayar Adnan da misalin ƙarfe bakwai na yamma, aka ce sun nuna wayar tana kusa da inda aka yi binnewar. To amma a jikin takardar da kamfanin waya na AT&T ya haɗo da bayanan, an rubuta ƙarara cewa kiran da ya shigo ba abin dogaro ba ne wajen gane inda waya take, sai kiran da ya fita. Lauyar da ta kare shi ba ta ɗaga wannan takarda a gaban kotu ba. Haka kuma ba ta nemi ɗalibar nan da ta rubuta wasiƙu tana cewa ta ga Adnan a laburare a yammacin ranar ba. Ko ni da ban zauna ajin lauyoyi ba, na san ba a rufe yaro har ƙarshen rayuwarsa a kan shari'ar da aka bar irin wannan ɓaraka a cikinta. Ra'ayina ke nan, kuma in da ni ake tambaya, da tun 2016 da alƙali Martin Welch ya ba da umarnin a sake shari'ar an bari an sake ta.

Amma ki lura da iyakar abin da duk wannan ya nuna. Ya nuna ba a yi shari'ar yadda ya kamata ba. Bai kai ga nuna wanda ya shaƙe yarinyar ba, bai kuma kai ga nuna wanda bai shaƙe ta ba. Kuma akwai abin da kika tsallake a rubutunki, wanda abokan muhawararki ba za su tsallake ba: wannan shaidan da kike ƙaryatawa, shi ne ya kai 'yan sanda inda motar Hae take ajiye, a lokacin da suke nemanta. Mai neman gaskiya ba ya ɓoye hujjar da ta yi masa nauyi. Ki fito da ita da bakinki, ki faɗi abin da kike gani a kanta, kafin wani ya jefo miki ita.

Ki san kuma aikin kotun ɗaukaka ƙara, don a nan ne mafi yawan masu hayaniya suke ɓata. Ba ta sake kiran shaidu ta saurare su daga farko, tana duba ne ko an taka doka ko an tauye haƙƙin wanda ake tuhuma. A Amurka, in mutum ya ce lauyansa ya yi sakaci, tun hukuncin da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar Strickland a 1984 sai ya tabbatar da abu biyu: an yi sakacin, sannan akwai kyakkyawan zaton da ba a yi shi ba da sakamakon ya sauya. A kan wannan gaɓa ta biyu Adnan ya faɗi a watan Maris na 2019, lokacin da kotun ƙolin jihar Maryland ta yarda lauyar ta gaza wajen neman ɗalibar, amma alƙalai huɗu suka rinjayi uku cewa hakan ba zai sauya hukuncin ba. Huɗu da uku, Mamana. Mutanen da suka tsufa a kan wannan aiki, takardun duka a gabansu, suka rabu kusan biyu. Ta yaya ke za ki ce duk mai hankali ya sani? Kin mayar da alƙalai huɗu marasa hankali ke nan, kin kuma rufe wa duk wanda ke sauraronki da shakka ƙofar zuwa wajenki.

Abin da ya biyo baya ma ya isa ya sa mutum ya riƙe harshensa. A watan Satumbar 2022 ofishin mai gabatar da ƙara na Baltimore da kansa ya nemi a soke hukuncin, yana cewa an ɓoye wa lauyoyin Adnan bayanai kan wasu mutane da ake zargi, abin da hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Brady na 1963 ya haramta. Aka sake shi bayan shekara 23 a tsare, a watan da ya biyo baya aka janye tuhumar. Magoya bayansa suka yi ta murna an wanke shi. A watan Maris na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta maido da hukuncin, a watan Agustan 2024 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hakan, nan ma huɗu da uku. A watan Fabrairun 2025 sabon mai gabatar da ƙara, Ivan Bates, ya janye waccan buƙata ta soke hukunci baki ɗaya, ya ce akwai maganganun da ba daidai ba a cikinta. A watan Maris aka rage wa Adnan hukuncin zuwa shekarun da ya riga ya yi, bisa dokar jihar da ke sassauta wa waɗanda suka yi laifi suna ƙasa da shekara 18. Yau yana waje, amma a takardar kotu sunansa na nan a matsayin wanda aka samu da laifi. Duk wanda ya rantse a 2022 cewa magana ta ƙare, ko ta wane ɓangare, ya ga ba ta ƙare ba.

Yanzu maganar ɗan'uwan Hae, wadda ita ta fi damuna. Kin san dalilin da ya sa aka maido da hukuncin? Ranar Juma'a aka sanar da shi cewa ranar Litinin za a zauna a soke hukuncin wanda aka ce ya kashe 'yar'uwarsa, shi kuwa yana California, can ɗaya gefen ƙasar. Ya roƙi a ɗaga zaman da mako guda ya samu ya zo, aka ƙi. Sai ta Zoom ya yi magana, ya ce wa kotu shi a wurinsa wannan abu ba shirin sauraro ba ne, rayuwarsa ce. Ki tsaya ki ɗora kanki a wurinsa. Tun 2014 da shirin sauraro na Serial, wanda ya bi diddigin wannan shari'a, ya fito, miliyoyin mutane suke jin labarin mutuwar 'yar'uwarsa a kunne suna tuƙi, suna wanke-wanke, suna musu a kai kamar wasan ƙwallo, kowa da ƙungiyarsa. Shi da mahaifiyarsa kuwa duk lokacin da aka tayar da maganar sabon makoki ne. Abin da ya nema haƙƙi ne da dokar Maryland ta ba iyalan wanda aka kashe, a sanar da su a kan lokaci, su halarta. Ke da kike kukan an tauye haƙƙin Adnan a 2000, bai kamata ki yi fushi da wanda ya yi kukan an tauye nasa a 2022 ba. Ki goge wannan layin, don Allah.

Shi ma shaidan, ki bar shi a inda hujja ta bar shi. Kina da damar cewa maganarsa ta yi karo da juna, ki kawo wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ba ki da damar cewa shi ya yi kisan. Babu kotun da ta tuhume shi da haka, kuma mutum ne mai rai da iyali. In kika ɗora wa mutum jini a kan zato don ki sauke shi daga kan wani, kin aikata abin da kike zargin 'yan sandan Baltimore da shi. Magana zarar bunu ce. Ki tuna ayar Suratul Isra'i da ta hana bin abin da ba mu da ilimi a kansa, ta ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne.

Na san wani abu da ke jan zuciyarki wanda ba ki rubuta ba: Adnan Musulmi ne, iyayensa 'yan asalin Pakistan, kina ganinsa kamar ɗan'uwa. Ba laifi ba ne ki ji haka, kuma in kin ga inda aka yi amfani da addininsa ko asalinsa aka shafa masa baƙin fenti, ki faɗa da babbar murya. Amma kada ya zama shi ne ma'auninki. Malaman tafsiri sun kawo cewa ayoyi na 105 zuwa 112 na Suratun Nisa'i sun sauka ne a kan wani Musulmi da ya saci sulke ya jingina wa Bayahude, danginsa suka taru suna kare shi, Allah ya wanke Bayahuden daga sama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja ya yanke masa a kan abin da ya ji. In haka ne a majalisarsa, ina ga mu da muke jin labari daga nesa, ta bakin mai shirin da ya iya zuba zance?

Tarihin irin waɗannan shari'o'i ya kunyata masu tabbaci ta kowane gefe. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 kan kisan 'yarsa jaririya, babban mai shaida a kansa kuwa maƙwabcinsa ne na gida ɗaya, John Christie. Shekara uku bayan haka aka gano gawarwakin mata a sashen Christie, ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe matar Evans. Sai a 1966 aka yi wa Evans afuwa, yana kabari. Wannan ya isa ya sa kowa ya girmama ƙofar ɗaukaka ƙara, ya ji tsoron hukuncin da ba a iya warwarewa. A ɗaya gefen kuma ga Roger Coleman na jihar Virginia, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1992 kan kashe 'yar'uwar matarsa. Har ya mutu yana cewa bai yi ba, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta, mutanen kirki suka ɓatar da shekaru suna fafutukar wanke shi. A watan Janairun 2006 gwajin DNA ya tabbatar shi ne. Waɗannan mutane ba miyagu ba ne, sun so adalci kamar yadda kike so, amma sun rantse a kan abin da ba su gani ba.

Don haka ga shawarata a kan muhawarar. Kada ki tashi da cewa bai aikata ba, don nauyin da kika ɗauka ke nan ya fi ƙarfinki, kuma doka ma ba ta ɗora wa wanda ake tuhuma shi ba. Ki tashi da cewa hukuma ce ke da nauyin tabbatar da laifi har ya wuce shakka mai ma'ana, kuma shari'ar da aka yi ba tare da an gwada takardar kamfanin waya da maganar ɗalibar laburare ba, ba ta sauke wannan nauyi ba. A nan ƙafarki a kan dutse take. In suka ce miki hukunci ya riga ya wuce, bai kamata a yi ta tone-tone ba, ki kawo musu wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake dubawa ya gane daidai. Ki nemo hukuncin 2019 da na 2024 ki karanta da kanki, har da ra'ayin alƙalan da aka rinjaya, kada ki tsaya ga abin da wani ya taƙaita miki. Kuma ki fara da sunan Hae Min Lee kafin na kowa, ki faɗi shekarunta, don masu sauraro su san a kan ran wa ake magana.

In kin gyara rubutun ki sake turo mini, zan duba. Mahaifiyarki ta ce ki kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki nasara, ya tsare harshenki da alƙalaminki daga haƙƙin mutane.

Wassalam,
Babanki