Wasiƙa zuwa ga aminina: labarin shagon firam da bangon masu zane

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya kuma zaman nesa da gida? Allah ya sa ana samun abin da aka fita nema. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, na kuma ji daɗin tambayar da ka yi. Ka ce kana mamakin yadda mutum zai riƙe kansa da sa hotuna a firam a ƙaramin gari, har ya ware bango guda ya ce na masu zane ne. To, gyara zama ka ji.

Yawancin abin da ake kawo mini ba aikin gwanayen zane ba ne. Hoton aure ne da ya fara koɗewa, ko takardar shaidar gama karatu, ko zanen farko da yaro ya yi a makaranta, ko hoton mahaifin da ya rasu wanda babu wani sai shi. Mai abu zai ajiye shi a kan tebur, amma yatsunsa ba za su bar gefensa ba. Yana yi mini bayani yana kallon hannuna, ya ga ko da tsabta. Ina gane wannan kallon, domin idan abin ya lalace a wurina babu kasuwar da zan shiga in sayo madadinsa. Shi ya sa na riƙe ƙa'idar masu adana kayan tarihi: duk abin da zan yi wa takarda, ya zama ana iya warware shi nan gaba ba tare da ta ji rauni ba.

Wannan ne ya tayar mini da hankali da ka ce za ka kai takardar shaidar Baba a yi mata laminatin. Don Allah kada ka yi. Da zafi ake manna robar nan, gam ɗinta yana nutsewa cikin jikin takarda, kuma idan ya shiga ya shiga ke nan. Haka salatif: bayan wasu shekaru robar takan ɓamɓare ta faɗi, gam ɗin ya ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa. Ka sa ta tsakanin farar takarda biyu masu tsabta, ka kwantar da ita a aljihun tebur, nesa da danshi, har ka samu mai firam da ya san hannunsa. Idan ka same shi, tambaye shi da me zai rataye ta. Ni da 'yar siririyar takardar Japan nake yi, wadda ake sarrafawa daga ɓawon itace, da kullun sitacin alkama da aka dafa. Wuri biyu kawai nake liƙawa, a gefen sama. Takarda tana buɗewa idan iska ta yi laima, ta tsuke idan ta bushe, don haka wanda ya manne ta kusurwa huɗu zai dawo ya tarar ta yi tudu da kwari. Sitacin kuwa da ɗan ruwa ake jiƙa shi ya saki.

Kwalin da ake yanka wa taga a zagaye hoto da shi, mutane suna ɗauka ado ne kawai. Babban aikinsa shi ne ya hana gilashi taɓa fuskar hoton. Hoton da ya kwanta a jikin gilashi, da zarar danshi ya shiga sai ya manne, ranar da aka zo ɗagawa rabin fuskar mutum ya bi gilashin. Kwalin ma iri-iri ne. Mai arha daga niƙaƙƙen katako ake yin sa, yana ɗauke da sinadarin lignin wanda kan fitar da asid a hankali, sai ka ga layi ruwan ƙasa ya zagaye hoton daidai bakin tagar. Na auduga ba ya haka. Idan kana son ka gane wanda aka sa maka, dubi bakin yankan: in ya rine ya koma ruwan ƙasa, mai arha ne. Nakan buɗe wa mai abu tsohon firam ya gani da idonsa, don gani ya kori ji, sannan ya zaɓa.

Yankan katakon shi ne abin da na fi so. Kowane baki digiri 45, yanka takwas ke nan a firam ɗaya. Idan zarto ya kauce ko da kaɗan, kusurwa uku za su haɗu lafiya, ta huɗun ta buɗe baki ta tona asiri. Gam ne yake riƙe kusurwar, sai a harba wasu ƙananan ƙusoshi masu siffar V ta ƙasa su danne ta, ba a ganin su ta gaba. Sana'ar ba ta yau ba ce. A 1888 Flinders Petrie, wani mai binciken kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya tono wani hoto da firam ɗinsa na katako a Hawara ta ƙasar Masar, aikin ƙarni na farko miladiyya, yana nan a British Museum da ke Landan. Na ji wani irin daɗi ranar da na san haka.

Game da gilashi, akwai wanda yake tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken UV, wato wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake koɗar da launi, kuma ina ba da shawarar a sa shi ga abu mai daraja. Sai dai haske ko wane iri yana cin launi. Gidajen tarihi ba sa barin haske ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne) a kan zanen takarda, abin da ya sa ɗakunansu suke da ɗan duhu. Saboda haka ba na barin mutum ya fita sai na tambaye shi bangon da zai rataya, kada ya zama mai kallon taga ko mai tsotsar ruwa. Zanen gawayi kuma ba na sa masa robar da ke kama da gilashi, don takan ja garin gawayin ya bar takarda ya liƙe a jikinta.

To, batun bangon masu zane. Gaskiya ba ya ci da kansa, kuɗin firam ne yake biyan haya da wuta. Manyan ɗakunan baje kolin zane a birane sukan ɗauki rabin kuɗin abin da aka sayar a matsayin kamasho. Ni kashi ɗaya cikin uku nake ɗauka, kuma komai a rubuce yake: sunan zanen, kuɗinsa, tsawon lokacin da zai yi a wurina, da wanda zai ɗauki asara idan ya lalace. Aka sayar yau, gobe mai zane ya karɓi haƙƙinsa. Ina ratayewa yadda tsakiyar zanen zai zama kamar santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye, in bar fili tsakanin wannan da wancan. Cunkoso yana kashe zane mai kyau.

Abin da ya fi nauyi shi ne cewa a'a. A ƙaramin gari mai zanen ɗan maƙwabcinka ne, gobe ma za ku haɗu a hanya. Idan yaro ya kwaso aikinsa duka, ba na korar sa, ba na kuma yi masa ƙarya. Nakan zaɓi ɗaya ko biyu da suka nuna, in faɗa masa dalili, sauran in ce ya koma ya ƙara zama a kansu. Wasu sukan yi fushi. Waɗanda suka dawo, aikinsu na biyu yakan fi na farko nesa ba kusa ba.

Ka san abin da ya hana ni mayar da bangon nan wurin jera samfurin katako? Mutanen da suke kallon sa ba don zane suka shigo ba. Kwanan baya wata dattijuwa ta zo karɓar takardar shaidar jikarta. Ina naɗe mata ita, sai na ga ta tsaya gaban wani zanen gawayi na hannayen tsohuwa a kan cinya. Ta daɗe a wurin, ta matsa har numfashinta ya taɓa gilashin, sannan ta tambaye ni wa ya yi. Da na ce wata yarinya ce 'yar garin nan, ta ce lallai in gaya mata Allah ya yi mata albarka. Na isar da saƙon. Yarinyar ba ta sayar da komai ba a watan, amma tun daga ranar ba ta ajiye gawayi ba, kuma wata mai zuwa bangon gaba ɗaya nata ne. Yanzu haka firam ɗinta nake yankawa, siririn baƙin katako da farin kwalin auduga.

Idan ka samu sarari ka shiga gidan tarihin da ke garinku, don Allah ka duba mini kusurwoyin firam ɗinsu da tazarar da suke bari tsakanin zane da zane, ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka